Ranar Da Bushiya Ta Ci Gardamar Ɗinya

A Dajin Rafin Gora kowa ya san inda bakinsa ya tsaya. Lemon fadama na Sarki Giwa ne da birai 'yan majalisarsa. Ɗinya kuwa, da ke zubowa ƙasa ba wanda ya shuka ta, ta masu gajerun ƙafafu ce. Haka aka taras, kuma tsarin bai taɓa kashe kowa ba sai wanda ya yi magana a kansa.

Ranar da aka yi shelar za a sare ɗinya a dasa lemo, tsohuwa Bushiya ta dubi itacen bakin raminta, wanda ke ciyar da ita da jikokinta tara. Ta cika ƙoƙo da 'ya'yansa, ta kama hanyar fada.

Ta iske Malam Aku, likitan Sarki, ya ɗora lemo ɗaya a hannun sikeli, ɗinya ɗaya a ɗayan.

"Ranka ya daɗe, ido ya gani," in ji shi. "Lemo ya rinjaya. Yana tsare mura, yana tsayar da jinin dasashi. Ɗinya fa? Ƙwallo ne da baƙar riga. Tausayin talaka ya sa za mu raba shi da ita."

Birai suka amsa, "Gaskiya ne!" Bika dogari yana shafa bakin gatarinsa.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ina da tambaya," in ji Bushiya.

Kowa ya tuna Zomo da ya yi tambaya bara. Har yau ciyawa ce a bakin raminsa. Bushiya ma ta tuna, amma ta matso.

"Malam, a gidanku wa ke cin ɗinya ɗaya ya tashi? Miƙo min lemon nan."

Aka gangaro mata. Ta kafa haƙora, ruwan ɓawo ya fesar mata a ido, lemo ya mirgine. Sau uku tana binsa, birai na dariya.

"To kun gani. Amfanin yana ciki, ni ina waje." Ta tura ƙoƙonta gaba. "Wannan kuwa ko jariri ya tsotsa. Shekarar fari, da lemonku ya bushe, ita ta riƙe mu. Ku je ku duba jikokina, ba mai ƙarancin jini ko ɗaya. Ni ɗin nan ban san ɗakin Malam ba."

Sarki ya miƙo hanci ya kwashe ƙoƙon duka. Ya daɗe yana tauna. Bushiya tana kallon gatari.

Can Sarki ya ce, "Aku, ka yi kuskure. Bika, ajiye gatarin."

Sai a lokacin ta saki numfashi.

"Abin da ke ƙara jini haka," Sarki ya ci gaba, "bai kamata a bar shi a ƙasa ana tattakawa ba. Daga yau ɗinya ta fada ce. A yi mata shinge."

"Ranka ya daɗe, mu fa?"

Malam Aku ya gyara fuka-fuki. "Iya, kwantar da hankalinki. Ilimi ya nuna amfanin lemo duk a ɓawo yake. Za a riƙa zubo muku kowace safiya."

"Gaskiya ne!" in ji birai.

Kafin ta isa gida da gajerun ƙafafunta, Bika ya gama kewaye itacen da ƙayar sarƙaƙiya. Jikoki suka tarbe ta.

"Kaka, an fasa sarewa?"

"An fasa," ta ce.

Wata nunanniyar ɗinya ta faɗo, tim, ta cikin shinge.