Nomau da Fim ɗin Jiragen Katako

A Tungar Gawo akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai 'ya'ya biyu maza. Babban shi ne Nomau. Ya ba arba'in baya, ga ƙarfi ga biyayya, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya tsare tukunya, zai tsare ta har tuwon ya ƙone, tunda ba ka ce ya sauke ba. Ƙaramin kuwa Sadisu, wanda ya shafe shekara tara a Fatakwal, ya dawo a rame da majigi da ɗan injin wuta da jakar kaya guda. Tun da ya dawo bai kwance jakar nan ba. Tana bakin ƙofar ɗakinsa kamar baƙon da ke jiran a sallame shi.

Faya-fayan da ya zo da su duk sun karce a hanya, sai guda ɗaya, wani tsohon fim marar kala na matuƙan jiragen yaƙi na farko, lokacin da jirgi katako ne da yadi, fiffike sama fiffike ƙasa, matuƙi na zaune a buɗe iska na dukansa. Mai gari ya ara masa tsohon siton taki na kwana bakwai, ya ce a riƙa haskawa kyauta bayan azahar. In jama'a sun yaba ya ci gaba, in ba su yaba ba ya dawo da mabuɗi. Sadisu ya ce da uwarsa, "Inna, in abin nan bai karɓu ba, motar ranar kasuwa zan bi." Ita dai ta ci gaba da tsince wake.

Injin nan ba ya son a bar shi, sai Sadisu na tsugune gefensa a waje yana lallaɓa shi. Don haka harkar cikin sito ta koma hannun Nomau.

Wata rana, ranar farko ke nan, Sadisu ya ce, "Yaya, ka tsaya a bakin ƙofa. Kowa zai fita, kada ka bar shi ya wuce sai ya gaya maka ra'ayinsa a kan fim ɗin." Nomau ya ce to. Da aka tashi ya tokare ƙofa da hannu biyu. Ɗanlami kafinta ya ce, "Wannan haɗin fiffiken, ni ko kaza ba zan ɗora a kai ba." Ya wuce. Kofur Gambo, tsohon soja, wanda tun rabin fim yake neman fita, ya ce, "Yara ne aka tura. Ko'ina yara ake turawa." Ya wuce. Sai ga Liman.

"Allah gafarta Malam, ra'ayi."

"Ba ni da shi, Nomau. Barci na yi."

"To sai a samo."

Ladan ya kira la'asar, jama'a suka yi sahu, ba Liman. Da Sadisu ya zo a guje ya tarar da dattijon zaune a kan buhu yana jan carbi. Liman ya ce, "Allah ya ba mutane ƙasa mai faɗi, sun bar ta sun hau sama suna kashe juna. Ra'ayina ke nan, a sake ni." Da yamma Nomau ya maimaita wa ƙanensa ra'ayoyin kaf, kowa da muryarsa, har da tsakin. Sadisu ya kalli jakarsa.

Wata rana kuma mutane suka koka cewa ba sa jin yaren Turawan. Sadisu ya ce, "Yaya, ai ka riga ka kalla. Tsaya gefen ƙyallen da hoto ke fita a kai, ka riƙa faɗa musu abin da kake gani." Nomau ya je gefen farin ƙyallen ya tsaya, fuskarsa na kallon jama'a. Jirage suka tashi, bindigogi suka fara kuka, shi ma ya fara. "Ina ganin Sarkin Pawa na gyangyaɗi, bakinsa a buɗe. Ina ganin Ɗanlami na cin gyaɗa a ɓoye don kada a roƙe shi. Ina ganin ido guda a ramin bangon baya. Ina ganin ɗan mai gari na tura wa Uwani mai fura takarda." Kafin jirgin farko ya sauka, rabin siton ya watse. Ɗan mai gari ya rantse ba zai sake taka wurin ba. Sarkin Pawa ya ce shi dai ra'ayinsa, fim ɗin da ke tona asirin masu kallo ba fim ba ne.

Wata rana waɗanda suka rage suka kawo wani kukan. Akwai wani matashin matuƙi mai ɗaura farin ƙyalle a wuya, sun sa masa suna Mai Ƙyalle, kuma kullum a ƙarshe sai an harbo jirginsa. Ɗanlami ya ce, "Kwana huɗu muna zuwa, kwana huɗu yana mutuwa. Haba, ko sau ɗaya ba zai kauce ba?" Sadisu ya gaji da bayani. Ya ce, "Yaya, gobe da ka ga jirgi ya fara faɗowa, ka rufe idon majigin da hularka." Washegari ba a yi minti goma ba wani jirgin abokan gaba ya kama hayaƙi. Nomau ya kifa hula. Ba wanda ya ce ya ɗauke, don haka bai ɗauke ba. Mutane suka zauna cikin duhu suna jin rugugi da ihun Turawa, ɗaya bayan ɗaya suna laluben ƙofa. A bakin ƙofar kuma Nomau ya miƙa ƙafa ya tare, hannunsa na kan hula, yana karɓar ra'ayi. Kofur Gambo ya ce, "Yau ne ya yi kama da yaƙi. Ba ka ganin komai, sai ƙara."

Ranar kasuwa da safe mai gari ya aiko a kawo mabuɗi. Sadisu bai ko yi gardama ba. Tun asuba ya kai jakarsa sito, don ya fi kusa da tasha. Ya dubi majigin ya ji ko taɓa shi ba ya so. Ya ce, "Yaya, kwashe duk abin da ke ɗakin nan. In akwai wanda ya kalli abin nan har ƙarshe bai yi gunaguni ba, kai masa, na ba shi. In babu, zuba a rafi." Ya tafi kai mabuɗi.

Fada ba a shiga a fito nan take. Sai da hantsi ya ɗaga ya dawo, ya tarar da sito wayam, ba majigi, ba inji, ba jaka. Direban motar kasuwa ya ce masa azahar zai tashi, ko da shi ko ba shi. Sadisu ya bi rafi, bai ga komai ba. Ya bi gidan Kofur, ya bi gidan Liman. Yana dawowa a galabaice sai ya ji tarin injinsa daga cikin gidansu.

An zagaye rumfar tsakar gida da barguna. A ciki tsofaffin unguwa da matan maƙwabta sun cika tabarmi, ba mai motsi. Inna Tabawa na gaba, zaune a kan jakarsa.

Sadisu ya dubi Nomau. "Yaya, me ke nan?"

"Ka ce wanda ya kalla har ƙarshe. Idon nan na ramin bango na Inna ne. Kullum tana zuwa shanyar kuɓewa bayan sito."

Inna ba ta juyo ba. Ta ce, "Auta, maza ba su iya kallo ba. Su sama suke kallo. Akwai wani tsoho mai gyaran jiragen, kullum yana tsaye a fili, hannunsa a goshi. Bakwai sun tashi, biyar sun dawo. Ba ya cewa komai, sai ya ɗauke kwanon abincin waɗanda ba su dawo ba. Fim ɗin nasa ne."

Wata tsohuwa ta ce, "Wallahi kuwa. Mu me ya sa ba a kira mu ba tun farko?"

Sadisu ya ce, "Inna, jakata."

"Tana cikin ɗakin da aka kwashe ko ba ta ciki? Yayanka ya ce an ba ni. Ni abin da aka ba ni ba na mayarwa."

Daga tasha mota ta yi hon. Sadisu ya ce a ransa kaya ne kawai, zai sayi wasu. Ya juya zai fita, sai ya ga Nomau ya tokare ƙofar zaure da hannu biyu.

"Ra'ayi."

"Yaya, ni ne fa."

"Ka ce kowa."

Sai a lokacin Sadisu ya tuna. Kwana bakwai yana tara ra'ayin gari, shi kansa bai taɓa kallon fim ɗin nan daga farko zuwa ƙarshe ba.

"Ban kalla ba," in ji shi.

"To sai a kalla."

Injin ya fara shaƙewa, hoto ya yi rawa, matan suka yi ca. Sadisu ya tsuguna ya gyara shi. Daga nan, ta tsakanin barguna biyu, yana hango tsohon nan tsaye a fili, hannu a goshi, yana duban sama. Mota ta sake yin hon, sannan ƙararta ta bi hanyar gada ta ɓace. Inna Tabawa ta gyara zama a kan jakar, ta ce da wata jikar maƙwabta ta ƙara wake a tukunya.