Injiniyan Haske a Cikin Tukunya

Duk wanda bai san Injiniyan Haske ba, to da sauransa a duniyar nan. Mutum ne da Allah ya ba shi ido, ya kuma haɗa masa da bakin da zai yi wa idon talla. Situdiyonsa na hawa na biyu, a saman shagon masu gyaran fanka, sai ka bi wata matattakala mai duhu kana lalube kafin ka isa ga haske. A jikin ƙofar an rubuta da manyan baƙaƙe: "Hoton Talla Kaɗai. Ba Ma Zuwa Biki, Ba Ma Ɗaukar Fasfo." Can ƙasa, a kan wata 'yar takarda da aka liƙa, an ƙara da biro: "Fasfo sai da yamma."

Sunan Injiniya shi ya raɗa wa kansa, bai wahalar da wata makaranta ba. 'Yan layin kuwa, da yake ba su san darajar ilimi ba, Kar-Ka-Motsa suke ce masa, saboda abin da yake faɗa ke nan duk sa'ad da zai danna kyamara, ko da kwalbar man shafawa ce a gabansa. Ban taɓa jin kwalbar da ta saɓa masa ba.

Ayyukansa sun zagaya duniya, in ka yarda duniya ta tsaya a ƙarshen layinmu. Shi ya ɗauki kalandar bakaniken bakin titi. Shi ya ɗauki kwalin wani sabulu da kamfaninsa ya rufe tun kafin sabulun ya yi kumfa. Abu ɗaya ne ya rage masa, shi ne kuma yake cin ransa: har yau hotonsa bai taɓa hawa babban allon talla ba. In ya zo wucewa ta shataletale yakan ɗaga kai ya dubi aikin wasu, ya ja tsaki ya ce ba su san haske ba. A zuci kuwa, ko allon tallan maganin ɓera aka ba shi, da gudu zai karɓa.

Kowace Asabar yana ba da lacca ga masu son shiga sana'ar. Ɗalibansa ba yara ba ne: akwai wani tela da ya gaji da keke, da wani akawu mai ritaya, da wata mai sayar da takalma ta waya da ta zo koyon yadda za ta ɗauki kayanta, ta ƙare da koyon tarihin Injiniya. Yakan fito musu cikin farar riga mai ɗaukar ido, da jar hula, da kyamarori biyu rataye a wuya, ɗaya ta daina aiki tun tuni amma nauyinta na ƙara kwarjini.

"Ku buɗe kunnuwanku," in ji shi, yatsa a sama. "Mai hoton talla shi ne tallan farko. In ka shigo wuri ba a juyo an kalle ka ba, koma gida ka sake shiri. Sannan kada na kuskura na ga ɗayanku ya danna kyamara ya juya bayanta yana leƙen abin da ya fito. Wannan aikin 'yan koyo ne. Gwani tun kafin ya danna ya riga ya ga hoton a nan." Sai ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Gaskiyar magana, babban ya daɗe bai hango komai ba. Idonsa ya fara rauni, musamman a kan ƙananan abubuwa na kusa. Saƙon waya sai ya miƙe hannu har ƙarshe, ya ƙanƙance ido, sannan ya ce masu wayoyin zamani ba su iya rubutu ba. Matarsa, mace mai haƙuri da ba a taɓa jin kanta, ta lallaɓa shi har wurin likitan ido, aka yanka masa tabarau. Sau ɗaya ya saka, ya dubi madubi, ya cire.

"Maman yara," ya ce, "idona ne jarina. Ranar da aka gan ni da wannan abin a fuska, ranar kasuwata ta mutu. Kin taɓa ganin mai tsere da sanda?"

Ta naɗe tabarau ɗin a hankici ta jefa a jakarta, yana nan tare da makullan gida.

Ana nan sai arziki ya ƙwanƙwasa ƙofa, ta hannun dangin mata kamar yadda ya saba. Yayar matarsa, wadda kowa ke kira Yaya Mai Tukwane, za ta buɗe sabon shago. Ta sari tukwanen ƙarfe masu sheƙi, da butoci, da ludaya, da tire-tire, irin waɗanda mace ke iya gyara ɗankwalinta a jikinsu. Ta kuma kama babban allon shataletale ɗin nan da Injiniya ya shekara yana yi wa tsaki. Niyyarta ta kira wani mai hoto daban, amma ƙanwarta ta yi ta sintiri gidanta tana roƙo, har ta ce ta ɗauki aikin a wuyanta, in ya lalace ita za a kama. Yaya ta yarda, ba don ta so ba.

Da aka kawo masa labari, Injiniya ya ce zai duba ko yana da lokaci. Ya duba, ya samu.

Masu wannan sana'a sun san cewa ƙarfe mai sheƙi madubi ne, duk abin da ke gabansa sai ya kwashe. Shi ya sa suke kewaye kayan da ƙyalle, su laɓe a baya, su bar wata 'yar kafa da idon kyamara kaɗai zai leƙo. Kada a yi wa Injiniya ƙazafi, shi ma ya san da haka. Ƙyallen ma yana da shi. Amma ya gayyato ɗalibansa su ga yadda ake aikin manya, ga kuma Yaya zaune a kujera ta harɗe hannu. A irin wannan rana ce za a ce mutum ya shige bayan labule?

"Ku ɗauke min wannan tsumman," ya ce. "Ɓuya aikin ɓarawo ne da mai jin kunyar aikinsa. Ni da haske gaba da gaba muke yi."

Aka jera tukwane a kan tebur, babbar a tsakiya, ƙananan na biye da ita, butoci a gefe, ludaya a jingine. Ya kunna fitilunsa duka, ya buɗe lemominsa masu watsa haske, ɗakin ya yi zafi har akawu ya fara fifita da littafinsa. Ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya ja da baya da ɗan madannin nesa a hannu, ya gyara hula, ya tsaya cak a gaban tukwane cikin farar rigarsa. Da yake ba zai iya ganin jama'a ya yi shiru ba, sai ya ci gaba da lacca.

"Ku lura da kyau! Babban mai hoto ba a ganinsa a cikin aikinsa. Yakan ɓace, ya bar kaya su yi magana!" Ya ɗaga yatsa, ya daka wa tukunya tsawa: "Kar ki motsa!" Ya danna.

Tela ya buɗe baki zai yi magana, Injiniya ya watsa masa harara, ya rufe. Yaya ta ce a nuna mata abin da ya fito.

"Haba Yaya," ya ce yana murmushin manya, "ke fa mai tukwane ce. Kin san ba a buɗe murfi kafin girki ya nuna. Ranar buɗe allo za ki gani tare da sauran jama'a."

Ta dubi ƙanwarta, ƙanwar ta dubi ƙasa.

Da ya zauna gaban kwamfuta, ya ga wani ɗigon ja da fari a cikin kowace tukunya, dishi-dishi. Ya matso, ya ja baya, ya ƙanƙance ido, sai daɗi ya kama shi. Ya ce wannan shi ne ran hoto, hasken da ba kowa Allah ke ba ba. Don kada ya ɓata, ya ƙara masa kaifi da launi. Daga ƙofa matarsa ta ce, "Baban yara, ko in miƙo maka abin nan ka ɗan duba? Ba kowa a nan." Ya ce ta bar shi da aikinsa. Washegari mai buga allo ya kira a waya, ya fara da cewa, "Ranka ya daɗe, akwai wani abu a cikin tukwanen nan..." Injiniya ya tare shi: "Abin da ka gani sunansa fasaha. Kai buga aka ce ka yi." Mutumin ya buga.

Rana ba ta ƙarya. Aka lulluɓe allo da yadi, aka jera kujeru a ƙarƙashinsa, dangi da maƙwabta da 'yan kasuwa suka cika wuri, masu motoci suna rage gudu suna leƙe. Injiniya ya zo da sabuwar farar riga da jar hular nan tasa, ya karɓi makirufo tun ba a miƙa masa ba. Ya yi bayanin haske tun daga fitowar rana har faɗuwarta. Ya ce daga yau tarihin talla ya rabu biyu. Sannan ya ja igiya.

Yadi ya faɗi.

Tukunyar tsakiya ta fi mota girma, kuma a cikinta ga Injiniya nan ɗungurungum. Kumburin ƙarfen ya buɗa masa hanci ya mamaye rabin fuska, ya tura tumbinsa gaba, ya mayar da ƙafafunsa tsinke. Baki a wangame, yatsa a sama, jar hula ɗare a ƙoƙon kai. A cikin ƙananan tukwanen ga ƙananan Injiniyoyi, kowanne na ba da tasa laccar. A jikin buta ya zama dogo siriri mai wuya. A cikin ludayi kuwa a kife yake, kai ƙasa, amma ko a haka bai sauke yatsan ba.

Wata tsohuwa ce ta fara, ta ce, "La'ila, an dafa Kar-Ka-Motsa!" Sai wuri ya ɓarke da dariya. Masu gyaran fanka suka riƙe ciki. Wani direba ya zagaya shataletale ya sake dawowa don ya ƙara gani. Akawu, mutumin da bai taɓa dariya a aji ba, sai da aka ba shi ruwa.

Injiniya yana tsaye daf da gindin allon, bai ɗaga kai ba, don gwani ba ya leƙen aikinsa. Ya ji shewa, ya ɗauka yabo ne. Ya dafa ƙirji ya rusuna.

"Na gode, na gode. Kun ga abin da nake faɗa? Ku dubi cikin tukunyar nan da kyau. Abin da ke cikinta, ba a koyar da shi a makaranta. Duk garin nan babu irinsa!"

"Wallahi babu!" jama'a suka amsa.

Matarsa ce ta kasa jurewa. Kunya ta ishe ta, tausayinsa kuma ya fi kunyar. Ta taso ta kama hannun rigarsa, ta ja shi baya har tsakiyar kujeru, ta buɗe jaka ta warware hankici, ta saka masa tabarau da hannunta a gaban kowa. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba. Ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ajiye makirufo a kan kujera, ya sulale gida.

Kwana da kwanaki bai leƙo layi ba. Matar ta rasa inda za ta sa kanta, don ita ta tsaya masa, tana jiran ranar da Yaya za ta zo ta sauke mata kwandon faɗa. Ɗalibai suka watse, sai mai takalma da ta dawo neman lemar da ta manta.

Amma kasuwa ba ta da kunya. Mutane suka riƙa tsayawa ɗaukar hoto da allon, daga nan su gangara shago su ce a ba su tukunyar Mai Jar Hula. Wata ma ta dawo da tata tana ƙorafi, wai ta duba ciki da waje ba ta ga mutumin ba. Kafin wata ya ƙare, tukwane sun ƙare.

Ran nan sai ga Yaya ta hawo matattakala tana haki. Ta tarar da shi zaune, ba hula, tabarau a fuska.

"Mijin ƙanwata, tashi, aiki ya samu. Na kawo sababbin bokitai masu sheƙi, allo na biyu nake so."

Nan take jini ya dawo masa. Ya zare tabarau, ya gyara murya, yatsa ya fara tashi sama.

"Na san za ki dawo, Yaya. Ai aikin gwani sai an kwana biyu ake gane shi. Bari in haɗa fitilu da kyamara..."

"A'a, bar su nan su huta," ta ce. "Kai dai ɗauko farar rigar da jar hular."

Wanzami ba ya son jarfa, amma ba a yi wa yayar mata gardama, balle wadda ta cika masa burin allo. Da yamma 'yan layi suka gan shi a ƙofar shago, tsaye gaban bokitai, baki a buɗe, yatsa a sama. Yaya ta laɓe a bayan wani zane da ta rataya, wayarta kaɗai ke leƙowa ta 'yar kafa.

"Ɗaga yatsan sosai," ta ce. "Yawwa, Injiniya. Kar ka motsa."