Sikeli da Akuyar Katako

Idan ana maganar ilimin ƙananan yara a Keffi, sai kowa ya matsa gefe ya ba Oga Manasseh hanya. Mutum ne da ya yi bitar kwana biyu cur a wani otal a Abuja, ya dawo da satifiket mai ruwan zinariya. Tun daga ranar bakinsa bai ƙara furta "nazare" ba, sai dai "matakin gina ƙwaƙwalwar ɗan Adam". Kwat ba ta barin jikinsa ko a watan Maris, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Abokan aikinsa suna kiransa Sikeli. Shi a zatonsa yabo ne, har ya sa aka rubuta masa a bayan mota.

"Ni ba na buƙatar minti biyar a aji," in ji shi. "Daga bakin ƙofa nake aunawa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Yana da hatimi mai sunansa, wanda aka sassaƙa masa a Sabon Gari. Duk abin da ya duba sai ya buga masa, wai don toshe kafar maguɗi. Sai dai babban mutum ba ya sunkuyawa a gaban na ƙasa da shi. Hannu kawai yake zurawa ƙarƙashin abu ya buga, idonsa yana sama.

Ana nan sai Madam Vera, 'yar gari mai shagunan atamfa a Abuja, ta ce za ta yi wa aji ɗaya sabon rufin kwano. Azuzuwan share fage huɗu ne a makarantun gwamnati na ƙauyukan gefen gari, wanda ya fi inganci shi zai samu. Kafin a fara neman alƙali, Sikeli ya riga ya buga jadawali: Litinin Tudun Ɗinya, Talata Bakin Kwalbati, Alhamis Gangaren Kanya, Juma'a Rafin Gwaza.

A Rafin Gwaza Anti Febi take koyarwa. Iskar bara ta yaye mata rufin aji gaba ɗaya, ga yara talatin da shida, ga damina ta ƙarato. Da hadari ya haɗu sai ta sallame su, karatun ranar ya tashi ke nan. Amma duk cikin huɗun ajinta ne kaɗai ke da kaya: tabarmi uku, hotunan da ta zana a bayan kwalin taliya, murafen kwalba na ƙirge, sai akuya. Baba Natan kafinta, wanda jikarsa ke ajin, doki mai lilo ya yi niyyar yi musu. Katako ya gaza, wuya ya gajarce, abin ya fito akuya. Yaran ba su taɓa ƙorafi ba, layi suke yi don su hau.

To, malaman ƙauye suna da al'adarsu. Ranar da mai duba makaranta zai zo, aron kaya ake yi kamar aron faranti ranar biki. Anti Febi ta so ta ƙi, don ita ma rufin take so har cikin ranta. Amma da wane ido za ta kalli mutanen da suka riƙe mata aji wata uku lokacin da ta haihu? Ta ba da kayan, da sharaɗin su dawo gida ranar Alhamis da azahar. Baba Natan ya ɗauki nauyin kai su da keke mai ƙafa uku.

Ranar Litinin Malam Idris na Tudun Ɗinya ya tarbi babban baƙo da ruwan leda. Sikeli ya dubi ruwan, ya dubi abin da ke tsakiyar aji, ya girgiza kai.

"Akuya ce, kuma ramammiya. Bincike ya nuna akuya tana koya wa yaro taurin kai. Maki talatin."

Ya zura hannu ya buga hatimi.

Ranar Talata Mista Ruben na Bakin Kwalbati ya kawo lemo mai sanyi da soyayyar gyaɗa. Nan take idon masanin ya washe.

"Barewa! Kun ga bambanci? Ga tabarmi masu tsabta, ba irin na jiya ba. Sittin."

Yara suka tashi za su rera masa waƙar ƙirge, ya ɗaga musu hannu su yi shiru, yana aunawa. Ya buga hatimi.

Labari ya riga shi isa Gangaren Kanya. Malama A'i ta sa aka daka sakwara, aka yi miyar agushi, aka yanka zakara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sikeli ya sassauta bel, ya zagaya abin sau biyu yana sakace.

"Ingarman doki! Irinsa sak aka nuna mana a majigi a Abuja. Dubi ƙirji. Yaron da ya hau wannan, gwamna zai zama. Casa'in da biyar. Na cire biyar ne don kada a ce na yi son kai."

Ya buga hatimi, ya shiga mota da cinyar zakara a leda.

A hanya sakwara ta kwanta, basira ta taso. Ya tuna a bita an yi maganar ziyarar ba-zata. Me zai sa ya jira Juma'a? Ya karya kan mota ya nufi Rafin Gwaza. Wani keke ya biyo shi a baya yana ta hon, an lulluɓe kaya da tabarma a ciki. Sikeli ya kankane tsakiyar hanya. Tun da yake, keke bai taɓa wuce motar mai satifiket ba, ba kuma a kansa za a fara ba.

Ya tarar da Anti Febi da yaranta a ƙasa zaune, sama a buɗe, suna ƙirga tsakuwa har ashirin ba tuntuɓe. Ta miƙe da sauri.

"Yallaɓai, ai gobe ne..."

"Gaskiya ba ta da gobe, Malama. Ba tabarma, ba hoto, ba dabba. Rufi ma babu! Ta yaya ajin da ba shi da rufi zai ci gasar rufi?"

Yana juyawa sai ga Baba Natan yana sauke akuya daga keke. Sikeli ya dafe ƙirji.

"Kayan aro! A gabana! Kifi na ganinka mai jar koma. Kuma ku dubi abin da suka aro, ba a san ma ko mene ne ba. Sifili!"

Ya buga wa akuyar hatimi don ya zama shaida. Baba Natan ya buɗe baki, Sikeli ya ce masa ba a yi da kafinta. Anti Febi ta haɗiye kukanta saboda yara suna kallo, amma a ranar ta ji haushin kirkinta.

Ranar Asabar aka kafa rumfa a filin makarantar Gangaren Kanya. Sikeli ya yi jawabin minti arba'in a kan kaifin idonsa. Da ya zauna, Madam Vera ta ɗaga rahoton.

"Oga Manasseh, aikinka ya yi kyau. Amma ni 'yar kasuwa ce, ba na sayen atamfa a duhu. A kawo mini dabbobin nan huɗu in gani: akuya, barewa, doki, da wancan da ba a san sunansa ba."

Malam Idris ya dubi takalminsa. Mista Ruben ya fara tari. Malama A'i ta gyara mayafi, ta ce a hankali, "Madam, sai dai a tambayi Anti Febi, in za ta ara mana."

Aka jira keke. Baba Natan ya ajiye akuyar a gaban rumfa, ita kaɗai tilo.

"Ina sauran ukun?" in ji Madam Vera.

"Duk ga su nan, 'yata," in ji Baba Natan.

Ya kifar da ita, ƙafafu sama. A cikinta ga sunan Oga Manasseh jere har sau huɗu, da shuɗin tawada. A gefensu kuma ga rubutun da Baba Natan ya ƙona da ƙusa tun bara: AJIN ANTI FEBI.

Dariya ta kece har mai sayar da rake a bakin titi ya leƙo. Sikeli ya miƙe, gumi yana bin wuyan kwat.

"Da ma gwaji nake yi musu. Wannan dabara ce ta zamani da ake kira..."

Ba wanda ya ji sunan dabarar. Madam Vera ta riga ta kama hannun Anti Febi tana tambayar bandir nawa na kwano zai ishi ajin. A wannan karon Anti Febi ba ta haɗiye kukan ba.

Da taro ya fara watsewa, Madam Vera ta ce baɗi ma za ta yi wa wani ajin, sai dai za a sake neman wanda zai duba. Sikeli ya gyara murya, ya matso gaba. Baba Natan yana ɗaure akuyarsa a keke, bai ko ɗago ba.

"Ki tura wannan, 'yata. Ita ma ta zaga makaranta huɗu, ta fi shi daɗewa a cikin aji, kuma ba ta ci sakwarar kowa ba."