Iyaye da Yara a Tare

Idan ana maganar gyaran iyali, a cire hula a gaida Uban Kowa, shugaban cibiyar taimakon iyaye da yara. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don kada mutane su sha wahalar nema. Ofishinsa na da sanyi, kujerarsa na juyawa, bangonsa kuwa cike yake da hotunansa yana shafa kan 'ya'yan da bai san sunayensu ba.

Allah ya ba shi hikima guda, ya kuma riƙe ta hannu bibbiyu. "Ba a gyara yaro a bar uwarsa," in ji shi, yana kallon silin. "Ni na gano haka. Kafin ni kowa lalube yake yi." Sai ya sa aka rubuta taken da jan fenti a jikin ƙofar shiga: IYAYE DA YARA A TARE.

A makon ne aka ɗauki sabon maigadi. Uban Kowa ya nuna masa rubutun da makullin mota. "Aikinka ke nan. Ba na son tambaya."

Maigadi ya karanta, ya gyaɗa kai. An ce a tare iyaye da yara, shi kuma bai zo wasa ba. Tun daga ranar, duk wanda ya doso ƙofa riƙe da hannun yaro, sai ya tarar da ƙirjin maigadi. Mai kawo jarida yana shiga, mai gyaran fanka yana shiga, har akuya ta taɓa shiga, da yake ba ta zo da ɗanta ba.

Cikin waɗanda aka tare akwai wata mai wankau da 'yarta, wadda ta daina magana tun da gobara ta cinye ɗakinsu. Makaranta ta ce in bakin bai buɗe ba, zangon gaba a nema mata wani wuri. Hankalin uwar ya tashi ƙwarai.

"Baba, don Allah," ta ce wa maigadi, "ganin mai ba da shawara kawai za mu yi."

"'Yata, ni ma ba da son raina ba. Ga shi nan a rubuce."

Ta zauna a gindin katanga ko shugaba zai fito. Kullum sai ta dawo, wasu iyayen ma haka. Jira ya zama hira. Wata ta kawo tabarma, wani tela ya koya wa yara ɗinka 'yar tsana, iyaye suka riƙa faɗa wa juna abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Yarinyar ta fara da dariya, daga baya ta riƙa yi wa 'yar tsanarta raɗa.

A ciki kuwa Uban Kowa yana juyi a kujera. "Ku duba zauren nan," ya ce wa ma'aikatansa masu gyangyaɗi. "Ko mai kuka ɗaya babu. Na kashe matsalar iyali a unguwar nan." Da yake gilashin motarsa baƙi ne, idonsa kuma na kan waya, bai taɓa lura da taron ba.

Ranar da masu tallafa wa cibiyar suka zo, a bakin katanga suka yi cirko-cirko, suna yaba wannan sabon tsari. Uban Kowa ya fito da gudu, ya ga taro, ya haɗiye mamakinsa.

"Shirina ne na musamman," ya ce. "Na daɗe ina nazarinsa."

Ya sunkuya gaban 'yar mai wankau, ya juya fuskarsa wajen mai hoto. "'Yar Baba, faɗa wa baƙi abin da cibiyata ta yi miki."

Yarinyar dai ba ta taɓa yi wa baƙo magana ba tun gobarar. Sai ta dube shi sama da ƙasa, ta buɗe baki, muryarta tar.

"Katangarku akwai inuwa."