Barista Salatif da Dokar Takunkumi

"Ni fa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta san ina nan Batha, wallahi da tuni ta aiko mota. Doka? Ai a cikina take kwana, da safe mu tashi tare."

Wannan Abduljalil ke nan, abokina. In ba ka san shi ba, to ba ka taɓa aika kwali daga Riyad zuwa gida ba. Aikinsa a sito na 'yan kago shi ne naɗe kwalaye da salatif, tun safe har la'asar, ƙiiit, ƙiiit, har yatsunsa sun yi kanta. Amma da yake ya taɓa tuƙa wani lauya wata bakwai a Kano, kafin ya zuba shi a kwata, sai ya ɗauka ilimin ya shige shi ta madubin mota. Shi ya raɗa wa kansa Barista. Mutanen Batha kuwa, unguwarsu ta can Riyad, da ba sa barin suna ya yi yawo tsirara, suka ɗaura masa Salatif.

Ana nan sai kamfanin da ke ɗaukar kwantenar ƙungiyar 'yan kago ya aiko takarda. Alhaji Maulud, shugaban 'yan kago, ya tara jama'a ya karanta musu. Takardar ta ce ƙasashe suna ta tsaurara dokokin bincike da gurfanar da masu karya takunkumi. Akwai mutane da kamfanonin da aka hana hulɗa da su, akwai kayan da aka hana kai wa wasu wurare. Kwali ɗaya in ya shiga da abin da aka hana, kwantenar gaba ɗaya za a riƙe, a kuma bi masu ita har gadon barci. Don haka kowace ƙungiya ta tsara yadda za ta riƙa binciken kanta.

Alhaji ya cire tabarau ya ce, "To jama'a, wa ya iya rubuta doka a cikinku?"

Bai rufe baki ba Barista ya miƙe, guntun salatif na lilo a gwiwar hannunsa.

"Haba Alhaji! Ga ruwa a gabanka kana neman taimama?"

Alhaji ya duba dama ya duba hagu, kowa ya sunkuyar da kai yana danna waya. Ya ce to shi ke nan. Barista ya rubuta dokar, a gwada shi mako guda. In ya yi abin kirki, ran Juma'a a tabbatar da shi Babban Mai Bincike, da teburinsa, da kujera mai juyawa, a cikin ofishin nan mai sanyi inda ko ƙuda sai da izini yake shiga. Barista ya ji maganar kujera, ya ji kamar an ɗaura masa aure.

Kwana biyu ya kawo dokar. Aka kama istiraha, wato gidan taron da ake haya, aka girke farantan kabsa, dafa-dukar Larabawa, a gefe an rufe da leda. Barista ya gyara murya ya karanta sunan dokar, wanda shi kaɗai ya ci rabin shafi.

"Sashe na ɗaya. Mai aika kwali zai faɗi cikakken sunan wanda zai karɓa, da bakinsa, a gaban Mai Bincike. Sashe na biyu. Kwalin da ake zargi, a gaban jama'a za a buɗe shi, a ɗaga kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Sashe na uku. Ba wanda zai yi wa Mai Bincike maganar kwalin da ke hannunsa. Yin haka cin hanci ne na baki."

Hajiya Bilƙisu, dillaliyar abaya wadda ta fi kowa aika kaya, ta ɗaga murya daga bayan labulen mata.

"Kai Salatif, kayan mata fa? A bar mata su duba a ɗaki mana."

"Hajiya, takunkumi ba shi da kunya. Masu safarar makamai sun fi son ɓoyewa a cikin zannuwa."

"A ina ka gani?"

"A littafi."

"Wane littafi?"

"Babba."

Kamil direba, wanda ke kwaso kwalaye daga gidaje, ya ce, "To su waye ma aka sa wa takunkumin, mu san su?"

Barista ya ɗaga wani damin takardu da kamfani ya haɗo, jerin sunaye cikin Turanci, kauri kamar bulo. "Duk suna nan."

"Ka karanta?"

"Na ɗaga na ji nauyinta. Mu lauyoyi da nauyi muke ganewa."

Da an ci gaba da muhawara, da dokar nan ba ta kai labari ba. To amma ƙanshin kabsa ya riga ya shiga tsakanin jama'a da hankalinsu. Alhaji na cewa, "Waɗanda suka yarda su ɗaga hannu," sai ga hannuwa sama, duk a wanke. Doka ta wuce.

Ran Asabar Barista ya iso sito da kwat ɗin aro, kafaɗun sun fi nasa da taƙi guda. Wadda ta fara zuwa kuwa Hajiya Bilƙisu ce da kanta, da kwalin da za ta aika wa mijinta a Zinder.

"Sunan mai karɓa?"

"Malam."

"Malam wa?"

"Malam dai. Maigidana."

"Hajiya, Malam ba suna ba ne. Faɗi sunansa na yanka."

Hajiya ta ajiye jaka a hankali, ta gyara mayafi. "Shekara talatin da biyu ina gidan bawan Allahn nan, ko a mafarki bakina bai kama sunansa ba. Sai yau, don ɗan naɗe kwali ya sa rigar matacce?"

"To na rubuta: ɓoye sunan abokin hulɗa. Wannan babbar alama ce ta..."

Sauran maganar a guje ya ƙarasa ta, don Hajiya ta riga ta cire takalmi. Sau biyu suka zagaya sikelin awon kaya, kafaɗar kwat ɗin ta hagu ta sauka a hanya. Sai da Alhaji Maulud ya fito ya rubuta sunan Malam da hannunsa sannan ƙura ta lafa.

Barista ya kakkaɓe jiki ya ce wa Kamil, "Ka ga yadda ta firgita? Bincike ya fara ratsa jiki."

Ran Talata, gab da azahar, yana zagaye cikin kwalaye yana ƙwanƙwasa su kamar mai sayen kankana, sai ya ji wani na cewa ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ya kara kunne. Ya ja da baya. Ya ƙwalla ihu.

"Yalla! Kowa waje! Na kama!"

Sito ya watse. Mai shayi ya bar buta a wuta, maƙwabta 'yan Bangaladash suka ja ƙofar shago, wani ya gudu da takalmi ƙafa ɗaya. Barista, jarumin maza, ya sami sandar mofa ta goge ƙasa ya tura kwalin daga nesa, ya tura, ya tura, har ya faɗa cikin randar ruwan wanke daɓe, tsulum. Ya juyo yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci dambe.

Daidai nan azahar ta yi. Daga cikin randa sai aka ji murya goma sha biyu sun ɗauki kiran salla a tare, suka ɗan ja, sannan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Agogunan kiran salla ne, abokina, masu siffar masallaci. Alhaji Maulud da kansa ya saya sadaka, zai aika masallatan garinsu.

Alhaji ya tsaya kan randar ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Abduljalil, ladanai goma sha biyu ka yi wa wanka ba su roƙe ka ba."

"Alhaji, riga-kafi ai ya fi..."

"Halas, ya isa. Juma'a ce ta rage maka. Ko ka kawo mai laifi na gaske a gaban jama'a, ko ka manta da akwai kujera a duniya."

Laraba ta wuce ba kamu. Barista har ramewa ya yi. Ran Alhamis da yamma sai ga Kamil ya sauke wani ƙaton kwali, an ɗaure shi da igiya tamau. A jikinsa an rubuta da baƙin maka: DAGA INNA ZUWA GA INNA.

Idon Barista ya kawo wuta. Mai aikawa Inna, mai karɓa Inna. Ba sunan yanka, ba sunan uba. Ai ko makaho ya shafa ya san wannan sunan ɓoye ne na wata ƙungiya.

Kamil ya ce, "Barista, wannan fa ni na rubuta, tsohuwar ce ta ce..."

"Sashe na uku!"

"Wallahi ka saurare ni, a gidan..."

"Ka ƙara kalma ɗaya in haɗa ka da kwalin in gurfanar!"

Kamil ya haɗiye maganarsa, ya ce Allah ya ba da sa'a.

To a kwanakin nan Barista baƙo yake a gidansa na unguwar Gubaira. Surukarsa, Inna Tabawa, uwar matarsa Ruƙayyatu, ta zo ziyara bayan ta yi Umra, kuma ka san halinmu da surukai. In tana falo, shi yana bayan ƙofa. In ta yi tari, ya durƙusa ko yana banɗaki. Takalminsa a hannu yake fita, a hannu yake shigowa. Da safiyar Juma'a yana saɗaɗawa zai fice sai Ruƙayyatu ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban Jidda, jiya na ba Kamil wani kwali, don Allah in ka je..."

"Sashe na uku! Doka ba ta san matar aure ba. Ke dai ki shirya ki zo taro bayan la'asar, ki ga irin mijin da Allah ya ba ki."

Ta bi shi da kallo, ta ce, "To. Za mu zo."

Bai tsaya ya tambayi su wa da wa ba.

Istiraha ta cika maƙil, maza a gaba, mata a bayan labule. Takardar naɗi na kan tebur gaban Alhaji, saura sa hannu. Aka girke kwalin a tsakiya. Barista ya zagaya shi sau uku da wuƙa a hannu.

"Jama'a, yau za ku ga aiki da ilimi. Wannan Innar, ko uwar wa ce, yau asirinta ya tonu."

Ya farke kwalin. Ya ɗago ledar dabino. "Guzurin mayaƙa." Ya ɗago kwalbar man zafi, ya shinshina, ya yi atishawa. "Sinadari." Jama'a suka fara gunaguni. Alhaji ya duba agogo. Barista ya ga kujera na neman sulluɓewa, sai ya zura hannu har kafaɗa, ya jawo wani farin ƙyalle. Ya ja, ya ja, abu ya ƙi ƙarewa. Ya warware shi a iska. Faɗi kamar rumfar biki, ga dogon mazagi na lilo ta gefe biyu.

"Allahu Akbar! Kun gani? Laimar dirowa daga jirgin yaƙi! Ga igiyoyinta nan!"

Hajiya Bilƙisu ta leƙo ta gefen labule. "Kai shashasha, fatari ne! Na ciki, na tsofaffi!"

"Fatari? Hajiya, ki ji tsoron Allah. Wace mace ce za ta cika wannan? Sai dai in giwa aka ɗinka wa. Kamil, zo kama min gefe."

Kamil ya rufe fuska da hula ya juya wa duniya baya.

"To ku tsaya ku ga hujja."

Barista ya haye kujera. Ya kama mazagin hagu da dama, ya ɗaga ƙyallen bisa kansa, ya ce bismilla, ya yi tsalle. Laima ba ta buɗe ba. Ya zube tim a kan kafet, fatari ya biyo shi ya lulluɓe shi ruf. Daga ciki aka ji muryarsa.

"Tsayin ne bai isa ba! Mai kwalin nan ta fito, ko uwar wa ce!"

Labule ya motsa. Aka ji ƙwas, ƙwas na sanda. Barista ya ɗaga gefen ƙyallen da yatsa ɗaya ya leƙa. Ya ga silifas ɗin da yake tsallakewa kullum a ƙofar falonsa. Ya ɗaga ido kaɗan, ya ga Ruƙayyatu riƙe da hannun mai silifas ɗin.

Inna Tabawa ce, ta aika kayanta gida su riga ta isa.

Abokina, gwiwar Barista ba ta nemi shawararsa ba. Nan take ya durƙusa, ya fizge takalma ya riƙe a hannu. Kunya ta ce ya rufe fuska, kuma abin da ke kusa ɗaya ne, sai ya ƙara jan fatarin ya dulmuya a ciki.

"Ina... ina wuni, Inna. An zo lafiya?"

Kamil na ta shessheƙar dariya yana cizon hula. Alhaji Maulud ya ɗauki takardar naɗi, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu, ya ce, "Jama'a, ina ganin a rufe taro da addu'a."

Inna Tabawa ta ɗaga sanda.

"A'a Alhaji, kada ku katse wa yaro aikinsa. An ce min babban lauya ne, na ce sai na zo na gani da idona." Ta sunkuya wajen tulin ƙyallen da ke makyarkyata a ƙasa, ta tausasa murya. "Tashi, ɗana, sannu da faɗuwa. Akwai sauran laima biyu a ƙasan kwalin. Gwada mai ruwan ɗorawar, ita ta fi faɗi, wataƙila ta ɗauke ka."