Dulcie Ta Rasu, Za Ta Tafi da Fasinja Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga mai cike da baƙin hayaƙi, ni Desmond Zammit nake sanar da rasuwar Dulcie, ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi, wadda ta cika ranar Talata a rumfarta da ke bayan tsohuwar masana'antar sukari.

Marigayiyar ta yi ƙuruciyarta tana jan rake a kan siririn layin dogon da ɗan akuya zai tsallake bai sani ba. Da ta tsufa aka yi mata jan fenti, aka ɗora mata masu yawon buɗe ido duk Lahadi, waɗanda sun fi rake nauyi, ba su kai shi zaƙi ba. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyakarta "fuuu, fuuu" a mararraba, sai "caf, caf, caf" a hawan tudu, kamar tsohuwa tana tauna gwaiba. Na karanta tarihin sarakuna da dama, ban ga wanda ya kai ta cika alkawari ba, ko da yake ba ta taɓa isa tasha a kan lokaci ba.

Ciwon ajalinta tsatsa ce a tukunyar tururi. Sufeto Halloran, jami'in duba lafiyar injina, ya ƙwanƙwasa cikinta da guduma, ya saurara, ya cire hula.

Ta rasu ta bar taragai uku marasa rufi, da direbanta Gino, da kwaɗin da ke kwana ƙarƙashinta, da ni. Ta kuma bar magaji, wani injin dizal mai muryar mai mura, wanda shugaban ƙungiyarmu ta masu kula da layin, Trevor Pascoe, ya daɗe yana nema, wai baƙi ba sa son toka a tufafinsu.

Ta bar aiki ɗaya ba ta ƙarasa ba. Matata Noeline, wadda ta yi shekaru tana zuba mata gawayi, ta riga ta tafiya a watan Yuni. Kamar yadda ake yi wa ma'aikatan layin nan, ta ce a ƙona gawarta, a zuba tokar a murhun Dulcie, ta fita ta bututun hayaƙi a kan tudu. "Kai tsoho," in ji ta a asibiti, "ka tabbata Trevor yana taragon farko." An sa rana, sai Dulcie ta mutu ana saura mako.

Trevor ya dafa kafaɗata. "Haba Des, abokina, ka watsa ta a lambu mana. Wuta a mataccen inji ai karya doka ne."

Na je wurin Halloran da tulun tokar Noeline a hannu. Ya dubi tulun, ya dubi sama. "Asabar ina teku kamun kifi," ya ce. "Daga can ba a hango hayaƙi."

Don haka jana'iza za ta kasance ranar Asabar da safe. Injin dizal zai turo mamaciyar daga baya har kan tudu, aikin kirki na farko a rayuwarsa. Za a hura wutar itace. Tunda babu tururin da zai ja hayaƙi, Gino zai zo da injinsa na hure ganyen tsakar gida, ya busa tokar sama; ya ce ya gwada da garin fulawa, garin ya kai rufin coci. Ni zan riƙe shebur. Rabon da in yi dariya ni kaɗai a kicin tun Yuni, sai makon nan.

Akwai shayi da kek mai kwakwa bayan an sauko. Ba a buƙatar furanni. Masu makoki su sa tsofaffin kaya, su zauna a taragon baya.

Kujerar gaba an keɓe ta domin girmama shugaba, kuma ya karɓa da murna. Iyalan mamatan biyu suna roƙonsa ya zo da farar rigarsa.