Batiran da Na Shanya a Rana

Ba na jin zan taɓa mantawa da shekarar da na naɗa wa kaina sarautar injiniya a Jidda, lokacin da rikoda ta fara shiga gidajenmu. Aikina dai ɗaure wayoyin mota ne a wani gareji a Khumra, amma duk inda na zauna sai in ce ina "bincike" a kan batir. Binciken kuwa shi ne in shanya matattun batira a saman rufi, rana ta gasa su, in ɗan ciccije su, in mayar cikin rikoda. (Suna farfaɗowa kam, irin farfaɗowar majinyacin da ya ga 'yan dubiya.)

A lokacin ina neman auren Safiya, 'yar Baba Usman mai sayar da yadi a Bab Makka, dattijo mai murya kamar ganga. Bai ce mini e ba, bai ce a'a ba. Da aka sauko daga aikin Hajji sai ya so ya aika wa danginsa na Kano saƙon kaset ta hannun alhazai, yadda kowa ke yi. Na ce ga ni, ga rikodata.

"Batiranka sababbi ne, ya waladi?" in ji shi.

Na ce, "Sun fi sababbi, ya Ammi, baffana. Na bincike ne."

Ya gyara zama, ya yi gaisuwa, ya zuba nasiha mai ratsa jiki. Na mayar da kaset baya muka saurara, lafiya lau. Ashe batir mai rauni a hankali yake jan kaset, in aka sa mai ƙarfi sai maganar ta zura da gudu. Bincikena bai kai nan ba.

Ranar sallama gida ya cika da alhazai, mata na bayan labule, har da Safiya. Wani alhaji ya ciro sabuwar rikodarsa mai sababbin batira ya ce, "Yalla, a sa mu ji." Ni kuma na miƙe na sanar da jama'a cewa ni na ɗauka da hannuna.

Aka danna. Sai ga wani ɗan tsako yana tsiwa cikin sauri: "Ya 'yan'uwana, ku riƙe girmanku!"

Daga bayan labule wata dariya ta kuɓuce, kuma na san mai ita. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

"Halas, ya isa haka, kashe," in ji Baba Usman. Ya dube ni ta saman tabarau. "Ya muhandis, babban injiniya, wannan ni ne ko jikana?"

Ya ba ni Safiya daga baya, amma da sharaɗi a gaban iyayena: a saka kwalin sababbin batira a lefe. Tun daga ranar, in bincike ya motsa mini, a kan muryata nake fara gwadawa, ba ta suruki ba.